Karan Awon Khairat

Ranar da za a sa wa Nuriyya rana, tun kafin a sauko daga Juma'a aka share zauren mahaifinta Alhaji Jaji tas, aka shimfiɗa dardumar baƙi, wadda shi kansa maigidan ba ya hawanta sai da dalili. Mahaifiyarta Hajiya Falmata ta dama fura, ta bi gidan lungu-lungu da turaren wuta irin nasu na mutanen Barno, har maƙwabta suna leƙowa suna tambaya ko ɗaurin auren ne aka matso da shi.

Iyayen saurayinta Mudassir ake jira, wato mahaifinsa Malam Nababa da danginsa. Su ne za su zo a tsayar da ranar biki.

Aka yi la'asar shiru. Abokan Alhaji da ya gayyato suka fara satar kallon agogo. Hira ta ƙare aka koma zancen tsadar taki, shi ma ya ƙare. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa tuno uzurin da ba su da shi suna sulalewa.

Nuriyya tana ɗaki, kwarashi a hannu, zaren ulu a cinya. Ita dai haka Allah Ya yi ta, in tana murna saƙa, in ranta ya ɓaci saƙa. Malamar firamare ce, ba sana'a ta ɗauki abin ba, sha'awa ce kawai. Duk jaririn da aka haifa a Kanyar Maje, kafin ranar suna hularsa da safarsa sun iso. Ƙyallayen da tela ya zubar kuwa ita ke tsince su ta ɗinka wa yara 'yar tsana. Amma yau hannun ya ƙi ba ta haɗin kai, ta saƙa layi ta warware, ta sake saƙawa ta sake warwarewa. Ta kira wayar Mudassir har ta gaji da jin muryar matar nan mai cewa a kashe take.

Dab da magariba wata tsohuwa ta yi sallama da ƙunshi a ka. Ta sauke shi a tsakar gida, ko zama ba ta yi ba.

"Barira ce ta ce a kawo. Ta ce a yi haƙuri."

"Haƙurin me?" in ji Hajiya Falmata.

"Ni dai 'yar aike ce, Hajiya."

Ta juya ta fice, ruwan da aka ɗebo mata ma ba ta kalla ba.

Inna Barira ita ce mahaifiyar Mudassir. Nuriyya ta fito da sauri, Hajiya ta kwance ƙunshin, sai ga kaya sun zubo. Jar hula mai kunnen zomo. Safa ƙanana. Rigunan sanyi. 'Yar tsana mai idon maɓalli da hannunta ɗaya ya cire. Duk abin da Nuriyya ta taɓa yi wa yaran gidan su Mudassir an tattaro shi kaf, har wanda ya koɗe ya yage. Akwai hular da ta ɗauka ta ji ta da ɗumi, alamar yanzu aka tuɓe ta daga kan yaro.

"Ke, me kika yi musu?"

"Wallahi Hajiya ban sani ba."

"Ba ki sani ba? Haka kawai mutane za su tuɓe wa 'ya'yansu kaya su aiko mana? Kin zagi wani ne? Kin yi wa uwarsa kallon banza?"

"Ni da ko ido ba na iya haɗawa da ita?"

Alhaji Jaji ya shigo yana naɗe rawaninsa a hannu. Ya dubi kayan, ya dubi 'yarsa. Mutum ne mai haƙuri, amma hatsi yake saye da sayarwa daga Bagwai har Dawanau, kuma ya fi tsoron a ji kunyarsa a kan ya yi asara.

"Ni Jaji aka shanya a zaure gaban mutane," ya ce a hankali. "Ba aike, ba waya. Nuriyya, ban taɓa yi miki dole ba, kuma ba zan fara yau ba. Amma ki ji da kyau. Su suka ɓata, su za su zo. In ƙafarki ta taka gidan Nababa kafin su tako nan, to na janye maganar nan har abada."

Ta durƙusa a kan kayan ta fashe da kuka.

Ta yi tunani har kanta ya yi ciwo. Ta bi duk haɗuwarta da dangin Mudassir ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsinci laifi ba. Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya mata a rai, shi ma ta juya shi ta ko'ina ba ta ga aibunsa ba.

Tun farkon damina ne. Sadiya, ƙanwar Mudassir kuma ƙawarta tun suna kwaleji a Bici, za ta yaye 'yarta ta fari, Khairat. Nuriyya ta ƙudurta za ta saƙa wa yarinyar bargo na yaye. Ta je gidan Sadiya ta tarar tana bayan ɗaki tana wanki, Khairat kuwa ta yi ɗai-ɗai a tabarma tana barci. Ta laluba jaka, ashe ta manto tef ɗin awo a kan keken ɗinki. Sai ta ga tarin kara a gefen murhu. Ta zaro ɗaya miƙaƙƙe, ta lallaɓa don kada ta tashi yarinyar, ta shimfiɗa shi a gefenta daga kai zuwa ƙafa. Inda ƙafar ta tsaya ta sa gwiwa ta karya shi, ƙas.

Tana ɗagowa ta ga Inna Barira tsaye a bakin ƙofa, ta zo ɗaukar jikarta. Nuriyya ta zube ta gaishe ta. Tsohuwar ba ta amsa ba. Salati kawai take yi ƙasa-ƙasa, ta sure yarinyar ta goya, ta fice ko kayan yayen ba ta tsaya ɗauka ba.

Nuriyya ta ɗauka kunyar surukuta ce. Ita da ta tashi a birni a hannun gwaggonta, kullum sai ta ci karo da wata sabuwar kunya a ƙauyen nan, ta daina ƙirga su. Ta sa karanta a jaka ta dawo gida, ta riƙa saƙa bargon a hankali tsakanin makaranta da aikin gida, har gero ya fitar da kai.

To, me ke cikin wannan na ɓacin rai? Ta tambayi kanta ya fi a ƙirga.

Ran Litinin tana dawowa daga makaranta ta hango babur ɗin Mudassir a gindin ɗorawar da ke bakin hanya. Ta shirya masa maganganu masu zafi tun ranar Juma'a, amma da ta matso ta ga fuskarsa duk suka gudu. Ya rame, idanunsa sun yi ja, rigar jikinsa ma a bai-bai ya sa ta.

"Ka kyauta, Mudassir," abin da ta iya cewa ke nan.

"Khairat ba lafiya," ya ce. "Zazzaɓi ya kama ta har da taune-taune. Muna asibiti a Bici ranar Juma'ar nan, wayata ta mutu, hankalina ma ba ya jikina. An sallame mu, zafin ya sauka, amma ba ta ci, ba ta tashi, ido kawai take bin mutane da shi."

"Innalillahi! Shi ne ba wanda ya gaya min? Khairat ɗina?"

Ya sunkuyar da kai yana murza makullin babur.

"Nuriyya, ina karan?"

"Wane kara?"

"Wanda kika auna ta da shi."

"Yana jakar saƙata. Me ya haɗa kara da rashin zuwanku? Me ya haɗa shi da maido min da kayan yara? Don Allah ka yi min magana yadda zan gane, kaina ya kulle."

Ya ɗago ya dube ta, kallon mai neman gaskiya a fuskar mutum.

"Tsakaninki da Allah, wa kika taɓa gani ana aunawa da kara yana kwance?"

"Ban taɓa gani ba. Tef na manto."

"Gawa ake yi wa haka, Nuriyya. A shimfiɗa kara daga kai zuwa ƙafa, a karya shi, a miƙa wa masu haƙa kabari."

Littattafan da ke hannunta suka zube. Ta zauna daɓas a kan saiwar ɗorawa. Ta tuno ƙarar nan, ƙas, ta tuno salatin Inna Barira, sai ta toshe bakinta da mayafi.

"Ban sani ba. Wallahi tallahi ban sani ba. Bargo zan yi mata. Ni ban taɓa ganin an shirya mamaci ba, ko da kakata ta rasu kora mu aka yi maƙwabta."

"Na sani. Na faɗa wa Inna. Baba ma ya yi ta faɗa, ya ce camfi ne, rai a hannun Allah yake. Amma ki fahimce ta. 'Ya'yan da ta binne kafin ta same ni sun fi waɗanda suka rayu, kuma duk a ɗakinta aka karya musu kara tana kallo. Tun ranar nan ba ta gaya wa kowa ba, ta hana a mayar wa Sadiya yarinyar, ta zuba mata ido tana jira. Da zazzaɓin ya zo sai ta fasa kuka ta ce dama ta sani."

Nuriyya ta share fuska, wasu hawayen suka sake zubowa.

"Kai fa? Kai ma ka yarda ni na jawo mata?"

"Ban yarda ba."

"Ka dube ni ka faɗa."

Ya dube ta.

"Ba zan yi miki ƙarya ba. Na san sauro ne, likita ma haka ya ce. Amma lokacin da yarinyar nan take fizge-fizge a hannuna, wallahi karan ne ya faɗo min a rai. Na yi ta istigfari yana dawowa. Ni kaina ban san me na yarda da shi ba yanzu. Abin da na sani ɗaya ne, ina sonki, kuma in na rasa ki ban san inda zan sa kaina ba."

Maganar ta yi mata daɗi, ta kuma yi mata ciwo, ta rasa wanne za ta riƙe.

"Me Inna ta ce game da ni?"

"Ta ce in wani abu ya sami Khairat, ba za ta iya kallon fuskarki ba har ta koma ga Allah."

"In ta warke fa?"

"Ba ta ce komai ba. Ta dai ce in karɓo karan."

"A yi me da shi?"

"Na tambaye ta. Ta ce ita ma ba ta sani ba, ita dai kada ya kwana a hannun wani."

Ya ce ta shiga gida ta ɗauko, zai jira a nan. Ta ce ya tafi, za ta yi tunani. Ya roƙe ta har muryarsa ta dushe, ta tattara littattafanta ta wuce tana tafe tana tuntuɓe.

Da Hajiya Falmata ta ji labari sai ta dafe ƙirji da hannu biyu.

"Kara? A kwance? Ke Nuriyya, karatun naki na mene ne? Amma su ma dai da ƙauyanci suke. Camfi ne zalla, mu a gidanmu ba mu san wannan ba."

Nuriyya ta zaro karan daga jaka ta miƙa mata. Hajiyar da ba ta san camfi ba ta yi baya har tana take ƙwaryar tsaki.

"Kada ki taɓa ni da shi! Jefa shi a murhu."

Nuriyya ta nufi murhu.

"Tsaya! Yarinya tana fama da zafin jiki ki sa awonta a wuta? A'a. Kai shi bayan gida ki tona rami ki... a'uzubillahi, me nake faɗa haka? Kada ki binne!"

"To in kakkarya shi?"

"Ki kakkarya 'yar mutane?"

"Hajiya, ba kin ce camfi ba ne?"

"Camfi ne mana! Amma ki ajiye shi a hankali."

Suka tsaya cirko-cirko, uwa da 'ya, da guntun karan dawa a tsakaninsu, wanda a wata rana ko akuya ba za ta tsaya kallonsa ba.

Ana cikin haka suka ji tsayuwar mota. Tahir ne, ɗan wan Hajiya, mai shagon atamfa a Kano. Ya daɗe yana son Nuriyya, kuma ba ya ɓoyewa. Labarin ranar Juma'a kuwa ko ba a tambaya ba an san ta wayar wa ya isa gare shi, don Hajiya tana jin sallamarsa ta kau da kai tana gyaran ɗankwali.

Ya shigo da babbar leda ya ajiye gaban Nuriyya. Zaren ulu ne kala-kala, mai laushin da ba a samu a kasuwar Bici.

"Na ji an maido miki da kayanki," ya ce. "Ga zare, ki saƙa wasu. Yaran danginmu suna da yawa, kuma mu ba ma maido da alheri."

Hajiya ta kwashe sauran labarin ta gaya masa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ga fuskar Nuriyya ya daina.

"Ƙanwata, ki yi wa kanki tunani. Yau kara ne. Gobe in kin shiga gidan, kaza ta mutu ke ce, yaro ya yi tari ke ce. Haka za ki ƙare rayuwarki ana bin hannunki da kallo? Ni ban ce ki so ni yau ba. Ki ba ni karan nan in wurgar a hanya, ki huta, sauran magana ma yi ta a hankali."

Ya miƙo hannu.

Gaskiya ya faɗa, kuma abin da ya fi ɗaure mata kai ke nan. Da mugu ne da ta ji sauƙi. Ta dubi zaren, ta dubi hannunsa, har ta fara ɗaga karan. A ranta ta ce wataƙila wannan ce mafitar, kowa ya huta, Baba ya huce, Inna Barira ta daina ganinta. Sai kuma ta tuno rigar Mudassir a bai-bai, ta tuno yarinyar da ba ta ci ba ta tashi.

"Bari tukuna, Yaya Tahir," ta ce.

Ya ɗaga kafaɗa ya tafi zaure wurin Alhaji. Hajiya ta shiga kicin haɗa masa abinci. Nuriyya ta koma ɗaki ta buɗe akwati ta ɗauko bargon, kore da ruwan ɗorawa, da tuntu ja a kowace kusurwa. Ta tsaya da shi a hannu. In ta je, Baba ya janye. In ba ta je ba, Inna Barira ba za ta taɓa aiko kowa ba. Ta ko'ina ta duba rasa Mudassir take gani. Ba ta yanke shawara ba, ta dai tsinci kanta ta saɓa bargon a kafaɗa, ta ja ƙyauren baya, ta bi ta cikin gero.

Tana yin sallama a gidan Malam Nababa matan da ke daka suka tsaya da taɓare a sama. Budurwa ta shigo gidan surukai da ƙafarta, ga kuma kara a hannu. Ba wadda ta amsa sallamar. Mudassir da ke ɗaure akuya ya saki igiyar.

Sadiya tana zaune a bakin ƙofar ɗakin Inna, ta juya wa ɗakin baya. 'Yar fari ce ke kwance a ciki, kunya ba ta bar ta ta shiga ta rungume ta ba, ko sunanta ba ta taɓa kira a gaban mutane ba. Idanunta kawai suka kumbura. Ta dubi ƙawarta, ta matsa ta ba ta hanya.

Inna Barira tana zaune a ƙasa, Khairat na kwance a gefenta kamar tsumma. Nuriyya ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Inna, na kawo."

Tsohuwar ta ga karan, ta ɗaga murya.

"Kada ki kwantar da shi a ɗakin nan! Riƙe shi a tsaye!"

Nuriyya ta kafa gindinsa a ƙasa ta riƙe shi a tsaye da hannu biyu.

"Inna, ki yafe min. Wallahi bargo na yi niyya, ga shi a kafaɗata. Ban san abin da ake yi da kara ba sai yau. Da na sani da na gwammace hannuna ya karye."

"Na san ba ki sani ba," in ji Inna Barira, hawaye na bin kuncinta. "Kina tsammani mayya na ɗauke ki? Ni na san hannunki, rabin yaran garin nan da hularki suka yi suna. Amma 'yar nan, idona ya gani. In na rufe ido sai in ji ƙarar nan. Na yi addu'a, na sha rubutu, malam ya yi min faɗa, abin ya ƙi fita. Yaya zan yi in zauna gida ɗaya da ke ina jin wannan? In zalunce ki? Gara ki auri wani ki huta."

"Ni ba na son wani, Inna."

Maganar ta kuɓuce mata ne. Matan da suka taru a ƙofa suka kama baki. Inna Barira ta girgiza kai.

"To ni yanzu me zan yi da ke? Me zan yi da wannan abin? Na ce a karɓo, ga shi ya zo, ban san inda zan kai shi ba."

Suka yi ta kuka su biyu, ba mai lallashin wata.

Muryoyin ne suka sa Khairat ta juyo da kai. Idonta ya sauka a kan jan tuntun da ke lilo a kafaɗar Nuriyya. Ta daɗe tana kallonsa. Sai ta yunƙura ta kifa ciki, ta ja jiki a hankali. Inna ta kai hannu za ta tare ta, ta fasa, don tun da aka dawo daga asibiti yarinyar ba ta motsa don kanta ba.

Ta iso gaban Nuriyya ta miƙa hannu, tuntun ya yi mata nisa. Ta laluba abin dafawa, hannunta ya faɗa kan karan. Wata a ƙofa ta yi salati da ƙarfi. Nuriyya ta so ta janye shi, ta ji tsoron kada yarinyar ta faɗi, sai ta ƙanƙame shi.

Khairat ta kama karan ta miƙe tsaye, ƙafafunta na kakkarwa, ta cafko tuntun.

"Anti, nawa," ta ce da 'yar dusasshiyar murya.



"Inna," in ji Sadiya daga bakin ƙofa. "Inna, duba. Khairat ta fi shi. Wallahi Khairat ta fi shi tsawo!"

Ba wanda ya lura ta kira sunan 'yar fari. Kowa karan yake kallo. Bakinsa, inda aka karya, a goshin yarinyar ya tsaya.

Inna Barira ta rarrafo. Ta ɗora yatsunta a kan bakin karan, ɗaya, biyu, sannan suka yi daidai da tsakar kan jikarta. Ta cire hannu ta sake ɗorawa. Ta dubi Nuriyya kamar yau ta fara ganinta.

"Girma take yi," ta ce. "Duk watannin nan ina zaune ina jiran mutuwarta, ashe ita girma take yi. 'Ya'yana da aka auna, ba wanda ya ƙara ko ƙwayar gero. Wannan kam ba awonta ba ne."

Ta rungume yarinyar tana kuka tana dariya, tana kiran a kawo kunu. Ta fizgi bargon daga kafaɗar Nuriyya ta kwantar da Khairat a cinya ta lulluɓe ta. Yatsun ƙafar suka leƙo waje. Ta ja shi ƙasa, ƙirji ya buɗe.

Nuriyya ba ta gama sauke numfashi ba aka ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Aka buga murfi sau biyu. Sai muryar Alhaji Jaji daga zaure, a dake, ba ko gaisuwa.

"Salamu alaikum. A ce da Nababa in 'yata tana gidan nan ta fito."

Nuriyya ta waiwaya. Ta dubi Mudassir da ke tsaye bayan mata, shi ma ita yake kallo. Ta yunƙura za ta tashi.

"Inna, Baba ya ce in na tako gidan nan ya janye. Shi ke nan, na kashe maganar da ƙafata."

Inna Barira ta danna kafaɗarta ta zaunar da ita. Ta ɗauki Khairat da bargonta ta ɗora mata a cinya. Ta jawo mayafi ta yafa, sannan ta sa hannu ta karɓi karan da ta yi watanni tana tsoro, ta dogara shi kamar sanda.

"Ni na shanya shi a zaure, ni zan je in durƙusa masa," ta ce. Har ta kai ƙofa ta waiwayo. "Ke kuma riƙe min jikata. Bargon nan naki ya yi kaɗan, kuma a gidan nan za ki ƙarasa shi."